Gyaran tsatsar ƙofar tsohuwar mota: me ya sa farashi ke bambanta, kuma wane aiki ne ke ƙarko?

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san wannan alamar. Wasu 'yan ƙuraje ne ke fitowa a fentin gindin ƙofa, kamar takardar da ruwa ya ɗiga a kanta ta kumbura. Da farko ba sa damun kowa. Bayan damina ɗaya ko biyu sai su fashe, jan gari ya fara zuba, idan aka danna wurin da yatsa ya lotsa. A nan ne mai mota ke nufar gareji, kuma a nan ruɗani ke farawa, domin fanal bita na farko zai iya cewa a ba da ɗan kuɗi kaɗan a dawo da yamma, na biyu kuma ya nemi ninki uku ko huɗu na wannan kuɗin, ya ce sai an bar masa motar kwana huɗu.

Ranar karɓar mota, ayyukan biyu ba su da bambanci a ido. Dukansu suna sheƙi, dukansu sun yi sumul. Abin da ya raba su yana ƙarƙashin fenti da kuma cikin ƙofar, inda mai mota ba ya gani, kuma ba zai bayyana ba sai ruwan sama ya sake sauka a kan motar na wasu watanni.

Daga ciki take farawa

Ƙofar mota ba ƙarfe ɗaya ba ce. Akwai fatar waje wadda ake gani, ƙarfe ne siriri da kaurinsa bai cika kai milimita 1 ba, yawanci tsakanin 0.7 da 0.8. Akwai kuma firam na ciki wanda ke ɗauke da injin ɗaga gilashi da makulli da sifika da wayoyi. A masana'anta ana naɗe bakin fatar waje ne a kan firam ɗin, kamar yadda tela ke yin kalmasa a bakin riga. Wannan kalmasar da ke gindin ƙofa ita ce matattarar tsatsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba a ƙera ƙofar mota don ta hana ruwa shiga cikinta ba. Robar da ke goge gilashi tana rage ruwan ne kawai. Sauran yana gangarawa ciki, ya fita ta wasu ƙananan ramuka biyu ko uku da aka huda a gindin ƙofar. Shi ya sa ake samun leda manne a bayan murfin ciki, don kada ruwan ya jiƙa murfin ko ya shigo cikin mota. Muddin ramukan nan a buɗe suke, ƙofar na bushewa da kanta. Da zarar ƙura ta toshe su, gindin ƙofar ya zama ƙaramin kududdufi.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar yanayi ya dace da wannan matsalar daidai. Hunturu ya cika ƙofar da ƙura mai laushi wata da watanni, damina ta zo ta mayar da ita taɓo. Taɓon ya kwanta a cikin kalmasar yana riƙe da laima, ko da waje ya bushe ƙayau. Ƙarfe da ruwa da iskar oksijin idan sun haɗu, tsatsa ce sakamakon. Ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, tana kumbura ninki da yawa, sai ta tura fenti waje. Saboda haka ƙurjin da ake gani a gindin ƙofa sau da yawa ba mafarin ciwon ba ne, alama ce cewa tsatsa ta riga ta huda ƙarfen daga ciki ta fito.

Motocin da suka zo da ciwonsu

Busasshen yanayin Kano ko Zinder ba ya cin ƙarfe da sauri kamar na Legas ko Fatakwal, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Amma mafi yawan tsofaffin motocin da ke yawo a arewa sun yi rayuwarsu ta farko ne a wata ƙasa kafin su sauka a Kwatano ko Legas. A Jamus da Beljiyam da Ingila da Kanada da arewacin Amurka, ana watsa gishiri a kan tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Amurka kaɗai kan yi amfani da kimanin tan miliyan 20 a shekara. Ruwan gishiri na saurin ɗaukar lantarki fiye da ruwa zalla, kuma tsatsa a asalinta aiki ne na musayar lantarki tsakanin sassan ƙarfe, don haka gishiri ke hanzarta ta. Motar da ta yi shekara goma a Ontario ko Michigan ko Ohio tana iya zuwa da gishiri a maƙale a cikin kalmasar ƙofofinta, kuma gishirin nan ba ya tafiya don kawai motar ta canja ƙasa.

Akwai ma dalilin da ya sa irin waɗannan motoci ke yawan fitowa kasuwar waje. A Birtaniya, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT yana kayar da mota idan tsatsa ta yi tsanani a cikin tazarar santimita 30 daga wuraren da ke riƙe muhimman sassa kamar birki da sitiyari da bel ɗin kujera. Jamus ma na da nata gwajin mai tsauri. A ƙasashen nan kuɗin aikin hannu ake biya da sa'a, kuma gyaran tsatsa aiki ne mai cin sa'o'i, har kuɗin gyaran kan wuce darajar motar. Sai mai ita ya sayar, ta hau jirgin ruwa.

Shekarar ƙira ma na da tasiri. Audi ta fara fitar da Audi 80 mai jiki lulluɓe da zink gaba ɗaya a 1986, wato sinadarin da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Volkswagen ta yi haka a Golf 4 da ta fito a 1997, har ta ba da garantin shekara 12 a kan hujewar jiki. Golf 3 da ta gabace ta, wadda har yau take ɗaukar fasinja a garuruwan arewa, ba ta samu wannan cikakkiyar kariyar ba, kuma ana gani a jikinta. Tsada ma ba kariya ba ce: Mercedes-Benz W210, wato E-Class da aka fara ƙerawa a 1995, ta yi ƙaurin suna wajen tsatsar ƙofofi, musamman a ƙarƙashin robar saman ƙofa.

Sai kuma motocin da ambaliya ta shafa. Wadda ta kwana a cikin ruwa, ko a guguwar Harvey ta 2017 a Texas ko a ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, ƙofofinta sun cika da laka har sama da inda ramukan fitar ruwa za su iya kwashewa.

Abin da ake biya a aikin arha

Aikin da ake gamawa a yini ɗaya kusan kullum tsarinsa ɗaya ne. A gurje saman wurin da injin gurza ko sanfefa, a buga bakin ramin ya shiga ciki kaɗan, a cusa wani abu a baya don ya tare, ko ragar waya ko guntun gwangwani, wani lokaci ma kwali, sannan a cika da bodi fila, a goge, a fesa fenti.

Laifin ba na fila ba ne. Fila kayan aiki ne mai kyau idan aka yi amfani da shi inda ya dace, wato daidaita ƙananan lotsawa a kan ƙarfe mai tsabta, da kaurin da bai wuce milimita 3 ba ko kusa da haka. Matsalar ita ce akwai garin dutse mai laushi a cikinsa, irin wanda ake yin hoda da shi, kuma yana tsotsar laima. Idan aka toshe rami da shi, bayansa na fuskantar cikin ƙofa inda ruwa ke bi. Yana shan ruwan, ya kai shi kan ƙarfen da ke kewaye, tsatsar da aka bari ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Ga shi kuma ƙofa ita ce sashen mota da aka fi bugawa. Motar haya ana buɗe ƙofarta a rufe sau ɗaruruwa a rana. Fila mai kauri ba ya lanƙwasa tare da siririn ƙarfe, sai ya tsage a gefe, ruwa ya samu sabuwar hanya.

Akwai wani kuskure da ke yawan faruwa a irin wannan aikin, wanda ya fi filar kanta illa: mai gyara ya shafe ramukan fitar ruwa da fila ko da baƙin fenti mai kauri, don gindin ƙofar ya yi kyan gani. Ƙofar da aka yi wa haka takan ji ƙarar ruwa a cikinta idan an buɗe ta bayan an yi ruwan sama.

Duk da haka, ba a ce aikin arha ba shi da wurinsa ba. Wanda motarsa ta kusa komawa hannun 'yan gwangwan, injinta ma ya gaji, ba hikima ba ce ya zuba kuɗi mai yawa a ƙofa. Abin da bai dace ba shi ne a karɓi kuɗin aiki mai ƙarko a yi wannan, ko a yi shi don a rufe idon mai saye.

Abin da ake biya a aiki mai ƙarko

A nan kwanakin ne ke tafiya. Sai an cire murfin ciki da leda, a sauke gilashi ko a kare shi, a janye wayoyi daga inda zafi zai kai, galibi ma a cire ƙofar gaba ɗaya a kwantar da ita. Daga nan a kankare fenti har sai an ga iyakar tsatsar, wadda kusan kullum ta fi abin da ake gani faɗi. Ƙarfen da ya ruɓe yanke shi ake yi, har a kai inda yake da cikakken kauri da haske. A yanko sabon ƙarfe mai kauri iri ɗaya, a lanƙwasa shi ya bi siffar ƙofar, a yi walda.

Waldar ita ce ma'aunin gwanintar mai aiki. Fatar ƙofa faffaɗa ce kuma siririya, zafi kaɗan ke sa ta murɗe. Waldar gas, wadda aka fi samu a garejin bakin titi domin ba ta buƙatar wutar lantarki, tana baza zafi a wuri mai faɗi. Gwani yana iya sarrafa ta, ya bi da guduma ya daidaita, amma a hannun wanda bai ƙware ba ƙofar takan yi tudu da kwari, sai a koma a cika da fila mai kauri, an dawo gidan jiya. Injin waldar MIG na tattara zafi a wuri kaɗan, musamman idan ana ɗiga waldar ɗigo-ɗigo ana barin ƙarfen ya huce. Sai dai yana buƙatar lantarki da tukunyar gas da waya ta musamman, kuma duk wannan na shiga cikin farashi, har da man janareta.

Bayan walda ne ake yin matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Zafin walda yana ƙone duk wata kariya da ke bayan ƙarfen, da zink ɗin da fentin masana'anta. Idan aka gyara waje aka bar ciki tsirara, sabon ƙarfen zai fara tsatsa daga layin waldar tun daga ruwan farko. Aikin kirki shi ne a tsabtace bayan, a shafa faraima mai hana ruwa ratsawa, irin ta ifoksi, a toshe haɗin da man liƙe haɗi, sannan bayan an gama fenti a fesa kakin kariya a cikin ƙofar ya gangara cikin kalmasa. Wasu na zuba baƙin mai a maimakon kakin. Yana ɗan taimakawa na wani lokaci, amma ruwa na wanke shi, yana kama ƙura, kuma yana lalata roba.

Ruwan maganin tsatsa da ake sayarwa a kwalba, wanda ke mayar da jan wuri baƙi, yana aiki ne a kan tsatsar sama wadda ba ta ci ƙarfe ba. Ba ya dawo da ƙarfen da ya tafi, kuma ba ya shiga can cikin kalmasa.

Sai fenti. Launi ɗaya zalla kamar fari ya fi sauƙin dacewa. Fenti mai ƙyalli, musamman ruwan azurfa da ruwan gwal, da wuya ya dace da tsohon da rana ta ci shekaru, shi ya sa mai fenti nagari ke shigar da sabon launin a hankali cikin ƙofar kusa ko fenda don kada ido ya kama bambancin. Wannan na nufin kuɗin fentin ƙofa ɗaya ya zama na wuri biyu ko uku. Lambar launin motar tana nan a rubuce: a motocin Toyota a takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a na Volkswagen kuma galibi a but, kusa da wurin safaya taya.

Me ya sa ake rage kaya, ba aiki ba

A Turai da Amurka aikin hannu ne ke da tsada, kayan aiki kuma ƙaramin kaso ne na lissafin. A Najeriya abin ya juya. Ladan fanal bita bai taka kara ya karya ba, amma faraima mai kyau da fenti da sinadarin busar da shi da kakin kariya yawanci daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin waɗannan kayan ya bi sahu. Idan mai mota ya matsa sai an rage farashi, mai aiki ba zai rage fentin sama ba, domin shi ake gani. Abin da ke ciki zai rage.

Saboda haka ciniki mai amfani shi ne wanda aka rarraba: nawa ne na yanka da walda, nawa ne na kayan kariya, nawa ne na fenti. A ce wani ya nemi naira dubu 30 a kan aikin fila, wani kuma dubu 90 a kan yanka da walda da kariya. Idan na farkon sai an sake shi duk bayan damina, a shekara ta uku kuɗin sun yi daidai, amma ramin ya ƙara faɗi a kowane zagaye, har a kai inda babu sauran ƙarfen da za a kama da walda.

Lokacin da sayen wata ƙofa ya fi

Idan tsatsa ta tsaya a fatar waje, a wuri da bai wuce tafin hannu ba, gyara ya fi. Idan ta ci kalmasar daga wannan gefe zuwa wancan, ko ta kama firam na ciki, ko ta kai wurin hinji da makulli, to lissafi ya koma kan ƙofa 'yar Beljiyam. Ga motoci masu yawa a gari irin su Corolla da Camry da Accord da Golf, ana samun ƙofofinsu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas. Ƙofar da ba a taɓa yi wa walda ba tana ɗauke da kariyar masana'anta, wadda ake yi ta hanyar tsoma jikin mota gaba ɗaya a cikin tafkin faraima a ja shi da lantarki ya shiga kowane lungu. Babu garejin da zai iya maimaita wannan.

Amma ita ma ƙofar kasuwa daga ƙasar gishiri ta fito. Kafin a biya, a juya ta a duba kalmasar gindinta. Idan ta kumbura ko ta buɗe baki, an sayi matsalar da ake gudu. A kuma tabbatar shekara da samfuri sun dace, domin wayoyi da soket na motar Amurka kan bambanta da na ta Turai. Kuɗin sauya gilashi da makulli da injin gilashi, da daidaita ƙofar ta zauna daidai, da fenti idan launi bai zo ɗaya ba, duk a haɗa su cikin lissafi tun farko.

Akwai batun tsaro a nan da ya wuce kyan gani. A cikin ƙofa akwai wani ƙarfe mai ƙarfi da aka gitta don ya tare bugu daga gefe. Amurka ta wajabta ƙarfin ƙofa irin wannan tun 1973. Idan tsatsa ta ci wuraren da ƙarfen ya kama firam, fila da fenti ba za su dawo da ƙarfinsa ba. Wasu motocin da aka ƙera daga shekarun 2000 kuma suna da na'ura a cikin ƙofa mai jin canjin matsin iska idan an bugi ƙofar, ita ke ba jakar iska ta gefe umarnin buɗewa. Ƙofa mai ramuka, ko wadda aka mayar da murfinta ba daidai ba, na iya rikita aikin wannan na'urar. Haka nan idan tsatsa ta sauka kan dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen da ake tsallakawa a shiga mota, maganar ta wuce ta ƙofa, ta zama ta ƙashin motar.

Ƙananan na'urorin da ke tona asiri

Mai sayen mota ko mai karɓar aiki yana da hanyoyin dubawa da ba su da tsada. Mafi sauƙi shi ne maganaɗisu mara ƙarfi sosai, irin wanda ake mannawa a jikin firji, a naɗe shi da ƙyalle a bi gindin ƙofa da shi. Inda ya saki ko ya yi sanyin kamu, akwai fila mai kauri. Sai dai a lura, ba ya kama alminiyom ko kaɗan, kuma wasu motoci kamar Audi A8 da Ford F-150 daga 2015 da alminiyom aka yi jikinsu.

Wadda ta fi shi ita ce na'urar auna kaurin fenti, ƙarama ce da ke shiga aljihu, tana nuna lamba da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Fentin masana'anta yawanci yana tsakanin 80 da 180. Idan ta nuna 250 ko 300, an sake fesa wurin. Idan ta haura 1,000, ko ta kasa karantawa, fila ce a ƙasa. Hanyar da ta fi ita ce a fara auna rufin motar, wanda ba a cika taɓawa ba, sannan a gwada sauran wurare da shi.

Ta uku ita ce 'yar kyamarar nan mai doguwar waya da fitila a bakinta, wadda ake haɗawa da wayar hannu. Ana zura ta ta ramin sifika ko ta gefen murfin ciki, a ga gindin ƙofar daga ciki. Aikin da aka yi da kyau za a ga layin walda a rufe da faraima da kaki. Na arha kuwa za a ga fila ta ɓullo ta rami kamar tuwon da aka matse, da jan ƙarfe kewaye da ita.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, wayarsa ta isa. Ya nemi mai aiki ya turo masa hoto ta WhatsApp a matakai uku: bayan an yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, bayan walda kafin a shafa fila, da cikin ƙofar kafin a mayar da murfi. Idan an kawo motar, a zuba ruwa a kan gilashi da bokiti a tsuguna a duba. Cikin 'yan daƙiƙu ya kamata a ga yana tsiyaya ta ramukan gindin ƙofar. Idan bai fito ba, a zura siririn tsinke ko wayar roba a buɗe su kafin a bar garejin, kuma a riƙa maimaita hakan duk ƙarshen hunturu, kafin ruwan farko ya sauka.